Daga Taɓon Ƙasan Teku Zuwa Jarkar Bakin Iyaka: Labarin Baƙin Dutsen da ke Haifar da Man Fetur

Babu hajar da ke juya kasuwannin bakin iyaka kamar man fetur. Ko a Birnin Ƙonni da Illela, ko a Ɗan Isa da Jibiya, ko can Gamboru da Fotokol, ɗan kasuwar da bai taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ta mai ba, shi ma a ƙarƙashin hukuncinsa yake, domin kuɗin ɗaukar buhun albasa da na wake da kuɗin motar shanu duk da farashin lita suke tashi su kwanta. Mun ga haka ƙarara a ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da gwamnatin Najeriya ta sanar da janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma kafin mako ya zagayo 'yan bumburutu da masu ruwa-ruwa da masu zuwa-zuwa na Kamaru duk sun ji a jikinsu.

To amma duk da wannan kusanci, kaɗan ne a cikinmu suka san asalin wannan haja. Galibi abin da ake ɗauka shi ne wani kogi ne ko tafki a ƙarƙashin ƙasa, wanda in an yi sa'a an huda kansa sai ya yi ta ɓulɓulowa, in ya ja baya kuma ya sake kawowa kamar rijiya bayan damina. Wannan zato shi ke sa duk sa'ad da aka ce an ga mai a wani ƙauye, sai ka ga mutane sun kwashi jari sun nufi sayen filaye. Abin da masana ilimin duwatsu suka tabbatar ya sha bamban da haka. Mafi yawan man da ake haƙowa a duniya ɗan wani baƙin dutse ne, shi kuwa dutsen asalinsa taɓo ne da ya kwanta a ƙasan teku, a wuraren da iska ba ta kaiwa, tun shekaru miliyoyi da suka shuɗe. Wanda ya fahimci yadda wannan dutse ke samuwa ya san dalilin da ya sa akwai mai a Agadem tsakiyar rairayi amma babu shi a ƙarƙashin duwatsun Damagaram, ya kuma san irin labarin da bai kamata ya zuba wa kuɗinsa ba.

Wane irin dutse ne wannan?

Mu kira shi dutsen laka, domin daga laka yake. Yumɓu ne mai laushin da ya fi na gari, wanda ya daɗe a danne har ya sandare. Alamarsa ita ce idan aka buga shi ba ya farfashewa dunƙule-dunƙule, sai dai ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar shafukan littafi. Akwai ja, akwai ruwan toka, akwai kore-kore, kuma shi ne ya fi yawa a cikin duk duwatsun da ruwa ya shimfiɗa a doron ƙasa. Mafi yawansa ba shi da wani amfani ga mai neman fetur, domin ragowar halittun da ke cikinsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba.

Wanda ake nema shi ne baƙin. A cikinsa ragowar halittu kan kai kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, wani lokaci ma ta haura kashi 20. Wannan ragowa ita ce ta baƙanta shi. Wani in an fasa shi sabo za a ji warin kwalta, wani kuma in an jefa shi a wuta sai ya kama yana hayaƙi. An daɗe ana gardama a kan ko daga halittu fetur yake ko daga cikin duwatsu kawai, har a shekarun 1930 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Jamus mai suna Alfred Treibs ya gano a cikin ɗanyen mai ɓurɓushin sinadarin nan da ke sa ganye ya yi kore. Wato dai man da kansa yana ɗauke da shaidar iyayensa.

Yayyafin gawarwaki daga saman teku

Iyayen nan kuwa ba manyan dabbobi ba ne, ba kuma kifaye ba ne. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani sai da madubin likita, dangin gansakukar nan da ke sa ruwan tafki ya koma kore da rani. Suna rayuwa a saman teku, iya inda hasken rana ke ratsawa, wanda bai wuce zurfin mita 200 ba. Duk ƙanƙantarsu, yawansu ya kai har kimanin rabin iskar oksijin da tsirrai ke samar wa duniya daga gare su take fitowa. Rayuwar kowace ba ta wuce 'yan kwanaki, saboda haka dare da rana gawarwakinsu na gangarawa ƙasa kamar yayyafi, suna manne da juna da kashin ƙananan dabbobin da suka ci 'yan'uwansu.

Sai dai tafiyar tana da nisa, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da ke samun kaya a hanya mai shingaye da yawa. Kowane zurfi da nasa mai karɓar rabo: ƙananan dabbobi su ci, kifi ya ci, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da saura. A tsakiyar manyan tekuna, in an ɗora buhu 100 daga sama, da wuya fiye da buhu 1 ko 2 su isa ƙasa. Waɗanda suka isa ɗin ma ba su tsira ba, domin a can ƙasan akwai tsutsotsi da ƙaguwa da dodon koɗi masu tona taɓo suna cinye abin da ya faɗo. Abin da ke samun binnuwa a ƙarshe bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a wurare da yawa ma bai wuce 1 cikin 1,000 ba. Ke nan a bisa al'ada teku ba ya ajiye komai. Kafin baƙin dutse ya samu, sai an sami abin da ya kori masu cin kayan.

Sirrin yana ga rashin iska

Masu ajiyar wake sun riga kowa sanin wannan sirri. Wanda ya zuba wakensa a buhun nan mai leda biyu a ciki, ya ɗaure bakin kowace tamau, ya san ba magani ne ke kashe ƙwarin ba, iskar da ke ciki ce ke ƙarewa su mutu, wake ya kai bazara lafiya lau. Haka abin yake a ƙasan teku. Tsutsa da ƙaguwa da galibin ƙwayoyin da ke ruɓar da gawa duk da iskar oksijin suke rayuwa. Ranar da ta ƙare a ruwan ƙasa, ranar ajiya ta fara.

A nan ya kamata mu gyara wani zato: zurfi kaɗai ba ya hana iska. Ruwan teku daga sama yake samun oksijin, kuma a zamaninmu ruwa mai tsananin sanyi na kusa da ƙanƙarar arewacin duniya da kudancinta yana nutsewa saboda nauyinsa, ya bi ƙasan tekuna yana raba iska har zurfin mita 4,000 da ma fiye. Shi ya sa taɓon da ke kwance a mafi yawan zurfafan tekunan yau ja ne ko ruwan ƙasa, babu maiƙo a cikinsa. Iska na ƙarewa ne ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce ruwa ya rabu hawa biyu ya ƙi gaurayuwa. Babban misali shi ne Bahar Aswad, tekun nan da ke tsakanin Turkiyya da Rasha da Yukiren. Manyan koguna irin su Danub suna zuba masa ruwan daɗi marar nauyi, yayin da ruwan gishiri mai nauyi ke shigowa ta wata siririyar mashiga a birnin Istanbul ya kwanta a ƙasa. Na sama ya zama murfi, kamar yadda mai ke zama a kan ruwa. Daga zurfin mita 150 zuwa 200 har ƙasa, inda ya haura mita 2,000, babu oksijin, babu kifi, babu tsutsa. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan wannan teku haka yake. A shekarar 2018 masu bincike suka sanar da gano wani jirgin ruwan Girkawa na katako a ƙasansa, daura da gaɓar Bulgariya, wanda ya shekara kimanin 2,400 a nutse, amma ga shi nan da sandar filafilansa da kujerun matuƙansa. Ruwan da ya ajiye katako tsawon wannan zamani, shi ke ajiye gawarwakin gansakuka.

Hanya ta biyu ita ce kaya su yi wa kasuwa yawa. A wasu gaɓoɓi, kamar na Namibiya da na Peru, iskar sama na kore ruwan sama daga bakin gaɓa, sai ruwan ƙasa mai taki ya taso ya maye gurbinsa. Gansakuka ta samu abinci ta yi ta hayayyafa, gawarwaki su yi ta zuba, har masu ruɓar da su su shanye oksijin ɗin da ke ruwan kafin su gama aikin. Sauran kayan sai su kwanta ba mai taɓa su.

Idan oksijin ta ƙare, wasu ƙwayoyi na daban ne ke karɓar fagen, masu rayuwa da wani gishirin da ke narke a ruwan teku. Aikinsu ba shi da sauri, kuma suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga sauran halittu. Duk wanda ya taɓa yashe kududdufi ko tsohuwar rijiya ya san wannan baƙin taɓo da warinsa. Iskar kan haɗu da ƙarfen da ke cikin laka ta zama wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli ruwan zinariya, waɗanda suka sha ruɗar masu neman arziki alhali ba zinariya ba ce. Sa'an nan da yake babu tsutsar da za ta dama taɓon, kowane shafi na kwanciya a kan ɗan'uwansa siriri kamar takarda. Masani in ya ga baƙin dutse mai irin waɗannan siraran shafuka da wannan ƙyalli, ya san a ruwa marar iska ya kwanta.

Akwai sharaɗi na uku, wato yawan lakar da ke zuba. In ta yi yawa sai ta tsinka ragowar halittun, kamar nonon da aka cika wa ruwa. In ta yi kaɗan kuma, gawarwakin su daɗe a fili ba a rufe su ba. Amfanin zurfi da nisa daga gaɓa ke nan: yashi da tsakuwa sun zube tun a bakin kogi, igiyar ruwa ba ta kaiwa ƙasa balle ta motsa shi, sai laka mafi laushi ke sauka sannu a hankali. A irin wannan wuri 'yan santimitoci kaɗan kan ɗauki shekara 1,000 kafin su taru.

Zamanin da tekunan duniya suka shaƙe

Bahar Aswad teku ɗaya ne. Amma an yi zamunan da abin ya game manyan tekuna lokaci guda. A shekarun 1970 wani jirgin bincike mai suna Glomar Challenger yana zagaya duniya yana huda ƙasan teku yana zaro dutse, sai aka riƙa cin karo da baƙin dutsen laka mai shekaru iri ɗaya a wurare masu nisa da juna, har da yammacin gaɓar Senegal. A 1976 wasu masana biyu, Seymour Schlanger da Hugh Jenkyns, suka bayyana cewa wannan alama ce ta wasu lokuta da oksijin ta yi ƙaranci a tekunan duniya baki ɗaya.

Wanda ya fi shahara ya faru kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce. A lokacin duniya ta yi zafi ƙwarai, babu tulin ƙanƙara irin na yau a arewa da kudu, saboda haka babu ruwan sanyin da zai kai iska ƙasa kamar yanzu. Duwatsu masu aman wuta sun cika sararin sama da hayaƙi, ruwan sama mai yawa ya wanko taki daga tudu zuwa teku. Shi kuma tekun Atlantika bai daɗe da buɗewa ba, domin a lokacin ne Afirka da Kudancin Amurka ke rabuwa, sai ya zama wani dogon kwari mai ƙarancin mashiga. Duk sharuɗɗan sun haɗu. A kusa da garin Gubbio na Italiya ana ganin shaidar da ido: wani baƙin layi mai kaurin kimanin mita 1 a tsakiyar farin dutse, wanda ya ɗauki dubban ɗaruruwan shekaru kafin ya kwanta. Dutsen wannan zamani shi ya haifi man yankin Marakaibo na Benezuwela.

Daga taɓo zuwa mai

Baƙin taɓo ba mai ba ne tukuna, kamar yadda gyaɗa a ɓawonta ba man gyaɗa ba ce. Sai an dafa, sai an matsa. Yayin da sabuwar laka da yashi ke taruwa a kansa, nauyi na matse ruwan da ke cikinsa har ya sandare ya zama dutse, ragowar halittun kuma ta koma wani daskararren abu da masana ke kira kerojin. Sa'an nan duk kilomita 1 da aka nutsa cikin ƙasa zafi na ƙaruwa da kimanin digiri 25 zuwa 30. Idan dutsen ya kai inda zafi ke tsakanin digiri 60 da 120, galibi a zurfin kilomita 2 zuwa 4, sai kerojin ya fara narkewa yana tsattsafo da mai, kamar yadda tunkuza ke tsattsafowa a hannun mai ƙuli-ƙuli. Bambancin shi ne wannan girki miliyoyin shekaru yake ɗauka. In wutar ta gaza, dutsen ya zauna ɗanye. In ta zarce digiri 150, man ya farfashe ya koma iskar gas. In ta ƙara zarcewa, komai ya ƙone.

Man da ya fito, da yake ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya riƙa hawa sama ta kafofin duwatsu har ya sami dutsen yashi mai ƙananan ramuka ya shige, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. Babu wani tafki a can ƙasa. Kuma ko a nan ba zai tsaya ba sai in akwai wani dutse marar kafa a bisansa da ya zama murfi, kuma shimfiɗar ta lanƙwasa ta yi kamar ƙwaryar da aka kife. In babu wannan, man ya tsiyaye zuwa sama ya lalace tun kafin a yi mutum a wurin. Ke nan sai abu biyar sun haɗu: baƙin dutse, da wuta daidai, da hanya, da mazubi, da murfi. Ɗaya ya ɓace, babu ciniki.

Tekun da ya ratsa Sahara

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Nijar da teku? Amsar tana cikin duwatsunmu. Tsakanin kimanin shekaru miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha hawowa ya malale tsakiyar Afirka ta Yamma, har a wasu lokuta ya haɗe tekun arewa da na kudu ta cikin Sahara da kwarin Binuwai. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza da Kalambaina da Ashaka a ƙasan wannan ruwa ya kwanta. A Damargu da Gombe ana tsintar wani dodon koɗin teku mai naɗi kamar ƙahon rago wanda ya zama dutse, har masana suka raɗa wa wasu nau'o'insa suna Nigericeras da Gombeoceras. Wani ƙaton ƙadangaren teku da aka tono ƙasusuwansa a ƙasar Sakkwato kuwa sunan Goronyo ya ci, ana kiransa Goronyosaurus.

Galibin wannan teku ba shi da zurfi sosai. Amma a gabashin Nijar ƙasa ta tsage tun lokacin rabuwar Afirka da Kudancin Amurka, ta yi wani dogon kwari da ake kira kwarin Termit, wanda ƙasansa ya yi ta lotsawa yana karɓar laka da yashi har kaurinsu ya haura kilomita 10 a wasu wurare. Da teku ya shigo, nan ne ruwa ya fi zurfi ya fi natsuwa, nan ne kuma baƙar laka ta kwanta, shimfiɗun da masana ke kira Donga da Yogu. Daga baya aka binne su har suka dahu, man ya hau ya shige dutsen yashin da ke sama, wata lakar ta rufe shi. Man Agadem ke nan, wanda ake turawa ta bututu mai tsawon kilomita 460 da 'yan kai zuwa matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kuma shi aka fara lodawa a jirgin ruwa a gaɓar Seme ta Benin a 2024, bayan ya bi bututun da ya kusa kilomita 2,000.

Ita kuwa Damagaram ɗin kanta, manyan duwatsun da suka yi mata ƙawanya daga narkakken dutse na cikin ƙasa suka samu, ba su taɓa zama taɓon teku ba. Haka Kano da yawancin ƙasar Katsina, a kan irin wannan tsohon ƙaƙƙarfan dutse suke zaune. Irin wannan ƙasa tana iya ba da zinariya ko kuza, amma ba ta haifar fetur.

Sauran man da ke ratsa kasuwanninmu ma labarinsa ɗaya ne. Na kudancin Najeriya, wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956, tushensa wata laka ce mai kaurin dubban mitoci da ake kira Akata, wadda kogin Kwara da magabatansa suka yi ta zubawa cikin zurfin teku. Na Ghana, wato rijiyoyin Jubilee da aka gano a 2007 aka fara haƙa a ƙarshen 2010, ɗan baƙin dutsen zamanin shaƙewar tekun Atlantika ne. Mai yawa daga na Aljeriya da na yammacin Libiya, wanda 'yan Agadas suka sani, ya fi su tsufa nesa ba kusa ba: kimanin shekaru miliyan 440 da suka wuce Sahara na kusa da ƙarshen kudancin duniya, ƙanƙara ta lulluɓe ta, da ta narke teku ya cika kwaruruka ya shimfiɗa baƙar laka. Na Doba a Chadi da na Sudan ne suka bambanta, domin lakarsu a ƙasan manyan tafkuna masu zurfi ta kwanta, ba teku ba. Amma sharaɗin bai sauya ba: ruwa mai natsuwa, marar iska a ƙasa.

Abin da ya shafi aljihunmu

Kada a ɗauka wannan hira ce ta 'yan boko kawai. Baƙin dutsen nan ya taɓa shigowa har cikin lalitar ɗan canji. Shekara da shekaru kamfanoni man da ya tsere daga dutsen suke nema, domin wanda ya rage a cikinsa ba ya fitowa. Sai Amurkawa suka ƙware wajen haƙa rijiya ta miƙe a kwance cikin shimfiɗar dutsen, su tura ruwa da yashi da ƙarfi su tsattsaga shi. A jihohin Texas da Dakota ta Arewa aka yi ta wannan aiki, har man da Amurka ke haƙowa ya tashi daga kimanin ganga miliyan 5 a rana a 2008 ya haura miliyan 9 a 2015. Kasuwa ta cika, ƙasashen OPEC suka ƙi rage nasu, gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016. Dala ta yi wa Najeriya ƙaranci, a watan Yunin 2016 babban bankinta ya saki naira ta faɗi. Duk wanda ya kai raguna ko wake kasuwannin Najeriya a wannan shekara, ya karɓi naira ya zo canzawa zuwa sefa, bai manta abin da ya gani ba. Taɓon wani tsohon teku a Texas ne ya taɓa shi.

Saboda haka muna ganin akwai abubuwan da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. In aka ce mai ya ɓullo a rijiyar wani gari, a fara tambayar irin ƙasar da garin yake kai. In kuwa abin da aka ɗebo fari ne tas ko ruwan shayi, yana warin wanda ake zuba wa babur, to tataccen mai ne, kuma ƙasa ba ta tace mai. Mafi yawan lokuta yoyo ne daga wani tanki ko ma'ajiyar jarkoki a kusa, abin da ya kamata shi ne a daina shan ruwan, a nisantar da wuta, a sanar da hukuma. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba kowane tsami ne arziki ba.

Ko a inda baƙin dutsen yake da gaske ma, ba shi ke nan an samu ba. A ɓangaren Najeriya na yankin tafkin Chadi akwai dutsen lakar teku da ake kira Fika, an kuma haƙa rijiyoyin gwaji fiye da 20 a can a ƙarnin da ya wuce ba tare da an sami man da zai mayar da kuɗin haƙarsa ba. A inda aka dace kuma, jiran ba ƙarami ba ne: tun shekarun 1970 aka ga alamun mai a gabashin Nijar, amma sai 2011 aka tace lita ta farko. Wanda ya binne jarinsa a fili don jin ƙishin-ƙishin, sai ya lissafa ko zai iya jiran shekara 30 ba ciniki.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi ga ƙasashenmu. Duniya na ƙona kimanin ganga miliyan 100 na mai kowace rana, alhali abin da ake ƙonawar miliyoyin shekaru ya ɗauka yana taruwa shafi bisa shafi. Tekun da ya shimfiɗa lakar Termit ya janye, ba zai dawo a zamanin jikokinmu ba, kuma taɓon da ke kwanciya yau a Bahar Aswad sai bayan wasu miliyoyin shekaru zai dahu, in ma ya sami wuta da murfi. Rijiyar mai ba ta kawowa bayan damina. A harshen kasuwa, fetur uwar kuɗi ne, ba riba ba ne, kuma kowane ɗan tireda ya san makomar wanda ke cefane da uwar kuɗi. Tambayar da ta kamaci talaka ya riƙa yi wa masu riƙe da wannan dukiya, a Yamai ko Abuja ko Njamena, ita ce: kowace gangar da ta fita, me aka mayar a gurbinta? In hanya ce mai kyau da za ta kai albasa kasuwa kafin ta ruɓe, ko makaranta, ko madatsar ruwan noman rani, to an juya jari. In kuwa ba a ga komai ba, an ci uwar kuɗi ke nan.